Rowland Bingham: daga makon addu'a a Legas zuwa asibitin Galmi

Duk wanda ya saba bin babbar hanyar da ta tashi daga Birnin Ƙonni zuwa Madawa ya san Galmi da abu biyu: jar albasarta da ake lodi har Abijan da Akara, da kuma asibitin mishan da ke bakin hanya. Tun daga 1950 mutanen Malbaza da Illela da Tawa, har da na ƙetaren iyaka daga ƙasar Sakkwato, suke kai marasa lafiyarsu can. Galibinsu Musulmi ne, kuma abin da ya kai su shi ne neman sauƙi. Kaɗan ne suka taɓa tambayar daga ina haruffan nan uku na SIM suka fito, balle su san cewa wanda ya kafa ƙungiyar ya fara rayuwarsa ta mishan yana ganin mai cikakkiyar bangaskiya addu'a kaɗai ta ishe shi magani.

An haifi Rowland Victor Bingham ran 19 ga Disamba 1872 a East Grinstead, wani ƙaramin gari a kudancin Ingila. Yana ɗan shekara 13 mahaifinsa ya rasu, gidan ya shiga ƙunci, shi kuma ya fara neman na kansa tun bai gama girma ba. A shekarun nan ne ya haɗu da ƴan ƙungiyar Salvation Army, wadda masu Faransanci suka sani da Armée du Salut, masu wa'azi a kan titi da kayan sarki irin na soja. Wa'azinsu ya shige shi. Yana da shekara 16 ya haye teku zuwa Kanada, ya yi ƙwadago, ya yi wa wannan ƙungiya hidima na ɗan lokaci, daga baya ya rabu da ita ya koma ƙarƙashin wani fasto na Toronto mai suna John Salmon.

A Toronto ɗin ne, cikin 1893, ya sadu da matar da ta juya masa rayuwa. Uwargida Gowans ƴar asalin Sukotlan ce, kuma ɗanta Walter ya riga ya tafi Ingila yana neman ƙungiyar da za ta aika shi ƙasar da suke kira Sudan. Sudan ɗin da suke nufi ya fi ƙasar da ke da hedikwata a Hartum faɗi nesa ba kusa ba: tsohon sunan nan ne na Larabawa, Biladus Sudan, wato shimfiɗar ƙasar da ke kudu da Sahara tun daga Senegal har kogin Nilu, da ƙasar Hausa a tsakiyarta. Ƴan mishan na lokacin suna ƙiyasta mutanenta miliyan 60 ko fiye, kuma babu tashar mishan ko guda a cikin tsakiyarta. Matar ta zaunar da saurayin a falonta ta yi masa bayanin wannan ƙasa. Ya fita gidan da nauyi a zuciya, ya kai maganar gaban Allah, ya dawo mata da cewa zai bi ɗanta. Cikin ƴan makonni yana cikin jirgin ruwa.

Na ukunsu shi ne Thomas Kent, mutumin Buffalo a Amurka, abokin karatun Walter. Sun zaga ƙungiyoyin mishan na Amurka da Ingila, babu wadda ta yarda ta ɗauki nauyinsu. Wasu sun ce babu kuɗi, wasu sun ce yanayin ƙasar kisa yake yi. Sai samarin suka yanke shawarar tafiya da kansu. Sun sauka Legas ran 4 ga Disamba 1893, saura mako biyu Bingham ya cika shekara 21. Babu wanda ya kai shekara 30 a cikinsu.

Tarbar da suka samu ba ta ƙarfafa zuciya ba. Shugaban mishan ɗin Metodis da ke Legas ya faɗa musu ƙiri-ƙiri cewa ba za su ga Sudan ba, ƴaƴansu ma ba za su gan ta ba, sai dai wataƙila jikokinsu. Dattijon ya san abin da yake faɗa. A wannan shekarar Rabe ya ci Barno ya rushe Kukawa. Kano ta faɗa cikin yaƙin basasa tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, wanda bai lafa ba sai 1895. A yamma, rundunonin Kwantagora suna kai farmakin kamun bayi a kan hanyoyin fatake. Samarin uku ba su jin Hausa, ba su da kuɗin biyan ƴan alaro, kuma babu wata hukuma da ta tsaya musu.

A nan ne abin da ƴan SIM suka fi tunawa da shi ya faru. Da suka ga guzurinsu ba zai kai su ko'ina ba, sai suka keɓe mako guda cur don addu'a, suka kuma sayar da duk abin da ba dole ba ne a cikin kayansu. Bayan makon, wasiƙa ta iso ɗauke da dala 500. Mafi yawan kuɗin daga wata mai aikin gida ya fito, wadda ta ci ɗan gado ta bayar da shi duka. Su dai sun ɗauki wannan a matsayin amsa daga Allah cewa su ci gaba.

Mai karatu Musulmi zai fi gane wannan al'ada in ya tuna da istihara, ko da yake sigoginsu sun sha bamban. A wurin Kiristocin irin su Bingham, addu'a tana da fuska biyu. Akwai roƙo, akwai kuma saurare: mutum ya janye daga hayaniya, ya karanta Littafi Mai Tsarki a natse, ya jira har zuciyarsa ta tsaya a kan abu guda, sannan ya duba ko al'amura sun buɗe ta wannan ɓangare. Sau da yawa akan haɗa da azumi. Misalin da masu aikin bishara suka fi kafa hujja da shi yana cikin Ayyukan Manzanni sura 13, inda jama'ar Antakiya suna cikin azumi da sujada aka nuna musu su keɓe Barnaba da Shawulu don tafiya wa'azi, suka sake yin azumi da addu'a kafin su sallame su. Akwai kuma kwana 40 da Yesu ya yi a jeji kafin ya fara koyarwa, wanda daga gare shi Katolika suka samo azuminsu na gabanin Ista, wanda a Nijar aka fi sani da Karem. Su ƴan bishara ba su da wani wata da aka ɗora musu. Mutum ko jama'a su ne ke zaɓar ranar da za su bar abinci, galibi idan babbar shawara ta taso, da nufin yunwar ta rage surutun jiki har kunnen zuciya ya ji.

Wahalar wannan hanya a fili take. Wanda ya saurara yana iya jin muryar son ransa ya zaci ta Ubangiji ce, kuma babu alƙalin da zai raba masa gardama nan take. Shekara guda bayan makon addu'ar Legas, wannan tambaya ta faɗo wa Bingham da dukan nauyinta.

Masassarar cizon sauro ta kwantar da shi tun a bakin teku, aka yanke cewa ya zauna Legas yana aika kaya, sauran biyun su nausa arewa. Gowans ya yi nisa ƙwarai. Ya faɗa hannun mayaƙa masu kamun bayi, ya rasa kayansa, jikinsa ya lalace da ciwo, ya rasu a Girku, cikin ƙasar Zazzau, a watan Nuwamba 1894. Kent, wanda ya koma Legas ɗaukar kaya ya sake kama hanya, ya rasu a Bida ta ƙasar Nufe cikin Disamba. Tsakanin mutuwar biyu bai kai wata guda ba. A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai, babu mutum ɗaya da ya karɓi saƙonsu, babu ko bukka da za a ce tashar mishan ce.

Abin da ya fi cin ransa ya wuce rashin nasara. Samarin sun tashi cikin koyarwar A. B. Simpson na New York, wanda a makarantarsa Gowans da Kent suka yi karatu, kuma Simpson yana koyar da cewa warkar jiki alkawari ne tabbatacce ga mai bi, kamar gafarar zunubi. Irin wannan koyarwa ta riga ta ci rayuka: a 1890 wasu matasan Amurka da suka nufi wannan Sudan ɗin ta Saliyo sun mutu a Firitawun bayan sun ƙi shan magani. Bingham da kansa ya rubuta daga baya cewa bangaskiyarsa ta girgiza har tushe, domin ya tafi yana dogara ga ayoyin da ya ga kamar sun yi alkawarin lafiya ƙarara, ga shi kuwa ya baro mutum biyu mafi aminci da ya taɓa sani a cikin ƙasa. Ko dai alkawarin ne ba gaskiya ba, ko kuwa shi ne ya ji ba daidai ba. Ya yi watanni yana jujjuya wannan.

Ya je ya kai wa Uwargida Gowans ƴan kayan ɗanta. Matar ta karɓe shi, ta nuna masa cewa ta fi son Walter ya mutu shi kaɗai a Sudan da a ce yana zaune gida ya ƙi bin kiran Ubangijinsa. Magana ce mai nauyi daga bakin uwa, kuma ba kowa zai iya jin ta ba tare da tsikar jikinsa ta tashi ba. Ta ci gaba da tara mutane a yi addu'a domin Sudan, a lokacin da babu wata ƙungiya, babu asusu, babu mai shirin tafiya.

Matsayin da Bingham ya tsaya a kai a ƙarshe shi ne ya fi komai tasiri a kan abin da ya biyo baya. Bai bar addu'a ba, bai kuma bar yarda cewa Allah yana warkarwa ba. Abin da ya bari shi ne cewa warkar dole ce a kowane hali, da kuma cewa shan magani alamar raunin imani ne. Ya tafi Cleveland ya ɗan koyi aikin jinya a wani asibiti, ya ƙara karatun Littafi Mai Tsarki a New York, ya riƙe wata majami'ar Baftis a Newburgh. Shekaru da yawa bayan haka, a 1921, ya fitar da littafi mai suna The Bible and the Body inda ya warware koyarwar da ya taso a cikinta, aya bayan aya. Hausawa sun daɗe da cewa Allah ya ce tashi in taimake ka. Shi sai da ya rasa abokai biyu kafin ya kai ga wannan.

A 1898 ya auri Helen Blair, kuma a wannan shekarar ya haɗa wani ɗan kwamiti a Toronto don sake gwadawa. A 1900 ya dawo Legas da samari biyu. Cikin ƴan makonni masassara ta sake kayar da shi, aka ɗauke shi zuwa jirgi aka mayar da shi gida. Abokan tafiyarsa, da suka ji irin labaran da ake ba su a Legas, suka bi jirgi na gaba. Ya kira wannan lokaci mafi duhu a rayuwarsa. Shekara 7 ke nan da fara maganar Sudan, abin da ke hannunsa kaburbura biyu ne da kunya. Mutum mai hankali zai iya cewa amsar Allah ta fito sarai, kuma amsar ita ce a'a. Bingham bai karanta ta haka ba, ya shiga neman ayari na uku.

Mutum huɗu ne suka tashi a 1901, shi kuma ya tsaya Toronto. A 1902 suka kafa tasha a Patigi, a bakin Kwara cikin ƙasar Nufe. Ɗaya daga cikinsu, A. W. Banfield, shi ne daga baya ya fassara Littafi Mai Tsarki cikin Nufanci. Ƴan mishan sun ga ikon addu'a a wannan buɗi, amma tarihi ya nuna wasu abubuwa biyu da suka sauya tsakanin 1894 da 1902. Na farko, a 1897 likita Ronald Ross ya gano a Indiya cewa sauro ne ke ɗauke da ƙwayar masassara, aka ƙara ba kwana cikin gidan sauro da shan kinin a kai a kai muhimmanci. Na biyu kuwa bindiga ce. Sojojin kamfanin Royal Niger sun ci Bida a 1897, Lugard ya shelanta mulkin Ingila a kan Arewa ran 1 ga Janairu 1900, Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903. A wannan ɓangare na iyaka, mutanen Ƙonni ba sa bukatar a tuna musu abin da ayarin Voulet da Chanoine ya yi wa birninsu a watan Mayu 1899. Hanyar da Gowans ya mutu yana nema, igwar Turawan mulki ce ta share ta, kuma wannan ya bar tabon da ya daɗe a kan yadda talakawa ke kallon duk wani Bature mai wa'azi.

Abin mamaki, Turawan mulkin ba su buɗe wa ƴan mishan ƙasar Hausa ba. Lugard ya yi wa sarakuna alkawarin ba zai taɓa addininsu ba, don haka aka tsare ƴan mishan daga manyan biranen Musulmi shekaru masu yawa. Ƙungiyar, wadda bayan canje-canjen suna ta tsaya a kan Sudan Interior Mission, ta fi samun karɓuwa a wajen masarautu, a wurare irin su Egbe da tsaunukan Jos da kudancin Zariya.

Mutumin da ya fi kowa kusantar da ita ga Hausawa shi ne Andrew Stirrett, mai shagunan sayar da magani a Toronto, wanda ya bar dukiyarsa ya iso a 1902. Hausawa sun laƙaba masa Bature mai magani. Bai yi aure ba, yana tashi tun kafin asuba don addu'a, yana wa'azi a kasuwa da Hausa, kuma ba ya wasa da maganar kinin ga duk sabon zuwa. Yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, aikin da likita Walter Miller na mishan ɗin CMS a Zariya ya ja gaba. Ya rasu a Jos a 1948. A jikin wannan mutum guda, abubuwan da suka taɓa yin karo a zuciyar Bingham sun zauna lafiya: mai dogon tsayuwar dare ne, kuma mai auna ƙwayar magani.

Shi Bingham bai sake zama a Afirka ba, sai dai ziyara. Aikinsa ya koma na tebur da jirgin ƙasa: neman ma'aikata, rubuta wasiƙu, yawon majami'u a Kanada da Amurka da Ingila har Ostareliya da Niyuzilan. Daga 1904 ya riƙe editan mujallar The Evangelical Christian har ƙarshen ransa, ya kafa kamfanin ɗab'i, ya kuma buɗe wani wurin taron ruhaniya na shekara-shekara a yankin tafkunan Muskoka a 1924. Tsarin kuɗin ƙungiyar ya bi sawun Hudson Taylor na Sin da George Müller na Bristol, wanda ya ciyar da dubban marayu ba tare da ya roƙi kowa ba: babu albashi tabbatacce, ba a cin bashi, abin da ya shigo a raba. In wata ya zo da ƙaranci, kowa ya ɗaure ciki a koma ga addu'a. Daga nan taken ƙungiyar ya samo asali, kalmomi biyu na Ingilishi masu nufin ta wurin addu'a. Gaskiya ne kuma cewa mujallar da yawon majami'un suna sanar da masu hannu da shuni inda bukata take, ko da ba a miƙa ƙoƙon bara ba.

A 1924 ƴan SIM suka ƙetaro zuwa Nijar suka zauna Damagaram, wadda a lokacin ita ce hedikwatar mulkin Faransa kafin a mayar da ita Yamai a 1926. Daga can suka kafa a Tsibiri, mazaunin sarautar Gobir kusa da Maraɗi. Faransawa ba su taɓa sakin jiki da su ba. Masu jin Ingilishi ne, Furotesta ne, kuma iyayen gidansu suna Jos, a ƙasar da Ingila ke mulki. Su kuma ƴan mishan sun riƙe Hausa a matsayin harshen aiki, da ita suke wa'azi, da ita suke koyar da karatu. Wannan ya ba Kiristocin farko na yankin Maraɗi littafi da waƙoƙi cikin harshensu, amma ya zo da tsada. Ƙungiyar ta yi sanyin jiki wajen buɗe lakwal ta Faransanci, don tana tsoron ilimin boko ya janye mabiya zuwa neman duniya, ga shi kuwa a Nijar babu aikin gwamnati sai da Faransanci. Masaniyar tarihi Barbara Cooper, a littafinta na 2006 kan Kiristocin bishara na yankin Maraɗi, ta nuna yadda wannan ya zama abin ƙorafi tsakanin mabiya da Turawan mishan. A nan ma an yi addu'a kafin a yanke shawara, kuma waɗanda shawarar ta shafa ba su ne aka fara tambaya ba.

Abin da ya buɗe ƙofar masarautun da wa'azi ya kasa buɗewa shi ne jinya. A shekarun 1930 hukumomin Arewacin Najeriya suka miƙa wa SIM kula da zangon kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano, wanda har yau mutanen Nijar ke tafiya can. Sarakunan da ba su yarda a yi wa'azi a ƙofar fadarsu ba sun yarda a wanke gyambon talakawansu. Ƴan mishan ba su ɓoye cewa suna fatan jinyar ta kai ga tuba ba, jama'a ma sun san haka, kowa ya ɗauki abin da ya zo nema. A Nijar wannan tafarki ne ya kai ga Galmi, inda likita Burt Long ɗan Amurka da matarsa Ruth suka buɗe asibiti a 1950, sannan ga Danja kusa da Maraɗi, wadda ta yi suna wajen jinyar kuturta. Majami'un da aikin ya haifa sun tsaya da ƙafarsu: ECWA a Najeriya a 1954, sai EERN a Nijar a farkon zamanin ƴancin kai.

A ƙasar Hausa ta Musulmi, waɗanda suka karɓi addinin da Bingham ya kawo ba su taɓa yin yawa ba, kuma a jihar Tawa har yau ƴan tsiraru ne. In da yawan tubabbu za a auna burin samarin 1893, to a nan bai cika ba. Abin da ya kafu shi ne wani irin zaman tare da babu wanda ya tsara shi a Toronto: asibitin da ma'aikatansa Kiristoci ke fara aiki da addu'a, majinyata da ƴan jinyarsu kuma suna shimfiɗa tabarma su yi salla idan lokaci ya yi. A wasu wuraren lissafin ya bambanta. A Habasha, inda likita Thomas Lambie ya shigar da SIM a 1927, sojojin Italiya sun kori ƴan mishan a 1937 suka bar ƴan tsirarun mabiya a ƙasar Wolayta. Da aka dawo bayan yaƙi, sai aka tarar sun zama dubbai, ba tare da Bature ko ɗaya a tsakaninsu ba.

Sunayen samarin uku sun bazu a wurare dabam-dabam. Akwai makarantar Kent Academy a Miango kusa da Jos, an yi gidan renon ƴaƴan ƴan mishan mai sunan Gowans a Collingwood ta Kanada, akwai kuma Jami'ar Bingham da ECWA ta kafa a Karu ta jihar Nasarawa a 2005, da asibitin koyarwarta a Jos. Haruffan SIM sun zauna, ko da yake an sauya ma'anarsu bayan aikin ya wuce Afirka ya kai Asiya da Kudancin Amurka.

Bingham ya ƙare rayuwarsa ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jiragen ruwa ke nutsewa a Atilantika, ma'aikatansa na Nijar kuma suna ƙarƙashin sa idon hukumomin Vichy. Ƙungiyar da ta fara da mutum uku tana da ma'aikata kusan 400. Yana ta rubuta tarihinta don bikin cika shekara 50, ya raba shi kashi bakwai, kowane kashi shekara bakwai, bisa lissafin da ke cikin Littafin Firistoci sura 25, inda bayan shekara 49 ake busa ƙaho a shiga shekarar ƴanci. Ya rasu a Kanada ran 8 ga Disamba 1942, kwana huɗu bayan cikar shekara 49 da saukarsu Legas, saura kwana 11 ya cika shekara 70. Littafin, Seven Sevens of Years and a Jubilee, ya fito a 1943. Shekara 7 bayan fitowarsa aka fara karɓar marasa lafiya a Galmi.